Zunubi, Sakamakonsa da Tuba a Koyarwar Addinin Kirista

Zunubi a koyarwar addinin Kirista shi ne duk wani tunani, furuci, aiki ko sakaci da ya saɓa wa nufin Allah. Malaman tauhidin Kirista sun fi ɗaukarsa a matsayin ɓaraka tsakanin mutum da Mahaliccinsa, ɓarakar da tushenta ke cikin zuciya, munanan ayyukan da ake gani a fili kuwa 'ya'yanta ne. A kan wannan fahimta sauran koyarwar ta tsaya: abin da zunubi ke jawowa, dalilin da ya sa mutum ba ya iya wanke kansa da kansa, da hanyar komawa ga Allah wadda ake kira tuba.

Kalmar a harsunan asali

Da Ibrananci aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari, Sabon Alkawari kuma da Helenanci, wato tsohon harshen Girka. Ibrananci yana da manyan kalmomi uku na zunubi. Ta farko, *hata*, tana nufin kuskure abin da aka auna. A sura ta 20 ta Littafin Mahukunta an yi amfani da tushenta wajen kwatanta wasu bahagwai 700 'yan ƙabilar Biliyaminu, gwanayen majajjawa, waɗanda ko silin gashi suka auna ba sa kuskurewa. Ta biyu, *fesha*, tawaye take nufi, irin na hakimin da ya juya wa sarkinsa baya. Ta uku, *awon*, ta haɗa karkacewa da nauyin alhakin da ke biyo bayanta. Kalmar Helenanci *hamartiya* ta yi kusa da ta farkon. Idan aka haɗa su, mai zunubi shi ne wanda ya kauce wa abin da aka halicce shi dominsa, ya bijire wa mai mulkinsa, ya kuma ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa.

A Hausa, kalmomin zunubi, tuba da gafara daga Larabci suka shigo, kuma da su masu fassara suka yi aiki lokacin da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya yi fice a cikinsa. Shi ya sa mai wa'azi a majami'ar ECWA, COCIN, EYN, Angilika ko Katolika yake amfani da kalmomin da maƙwabcinsa Musulmi ya sani, ko da yake abin da kowane addini ya zuba a cikinsu ya sha bamban a wasu wurare.

Asalin zunubi

Littafin Farawa, sura ta 2 da ta 3, shi ne tushen bayanin. Allah ya zaunar da Adamu da Hauwa'u a gonar Aidan, ya halatta musu kowane itace ban da guda ɗaya, itacen sanin nagarta da mugunta. Nassin bai faɗi irin 'ya'yan itacen ba. Tuffa da ake gani a zane-zanen Turawa ƙari ne na baya. Maciji ya sa wa matar shakka a kan maganar Allah, ya kwaɗaitar da ita cewa za su zama kamar Allah, ta ci, ta ba mijinta ya ci. Abin da ya biyo baya shi masu tafsiri suka fi dubawa: kunya ta kama su, suka ɓuya, da aka tambaye su kuma mijin ya ɗora wa matar laifi, matar ta ɗora wa maciji. A sura ta gaba ɗansu Kayinu ya kashe ƙanensa Habila saboda hassada. Ɓarakar da ta fara tsakanin mutum da Allah ta shiga tsakanin miji da mata, ta kai ga zubar da jinin ɗan'uwa.

Manzo Bulus, a sura ta 5 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya koyar da cewa ta hanyar mutum ɗaya zunubi da mutuwa suka shigo duniya suka game kowa. Daga nan aka samo koyarwar zunubin asali, wadda Agustin ya fi kowa faɗaɗa ta. Agustin ɗan Arewacin Afirka ne, an haife shi a 354, ya rasu a 430 yana bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya. Ya ba da labarin yadda, yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka saci 'ya'yan itace a wata gona cikin dare, ba don yunwa ba, domin a gidansu akwai waɗanda suka fi su kyau, ƙarshenta ma aladu suka watsa wa. Abin da ya ja shi, in ji shi, daɗin aikata haramun ne kawai. Da wannan ya kafa hujja cewa akwai karkata a cikin zuciyar ɗan Adam tun daga haihuwa. Wani malami daga Birtaniya mai suna Felagiyus ya musa, yana cewa kowa ana haifarsa da ikon bin umarnin Allah, abin da Adamu ya bar wa zuriyarsa mugun misali ne kawai. Taron bishop-bishop na Kartej a 418 ya yi watsi da ra'ayin Felagiyus.

Katolika da yawancin Furotesta sun bi Agustin a wannan batu. Ikilisiyoyin Otodoks na gabas sun fi jaddada cewa abin da aka gada daga Adamu shi ne mutuwa da raunin hali, alhakin cin 'ya'yan itacen kuwa nasa ne. Dukkansu sun yarda da abin da annabi Ezekiyel ya koyar a sura ta 18, cewa kowane mutum shi zai amsa laifin da ya aikata da kansa. A batun zunubin asali ne ɗaya daga cikin manyan bambance-bambance da Musulunci yake, domin a koyarwar Musulunci Annabi Adamu ya tuba, an gafarta masa, kuma ba a haifar yaro da zunubin gado.

Ire-iren zunubi

Ma'aunin farko shi ne Dokoki Goma da ke sura ta 20 ta Littafin Fitowa, waɗanda Yesu ya dunƙule su zuwa biyu, ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci. A huɗubarsa ta kan dutse, cikin Matiyu sura ta 5, ya kai shari'ar har cikin zuciya, ya sa fushin da ake yi da ɗan'uwa a sahu ɗaya da kisan kai, kallon sha'awa kuma a sahun zina. Akwai kuma zunubin sakaci, wato mutum ya san alherin da ya kamata ya yi, ya ƙi yi, kamar firist da Balawen da suka ratse suka bar mutumin da 'yan fashi suka jikkata a hanyar Yariko, a wani misali da Yesu ya bayar. Annabawa irin su Amos da Ishaya sun tsananta a kan zunuban kasuwa da kotu: tauye mudu, algus a ma'auni, cin hanci, danne haƙƙin maraya da gwauruwa.

Ikilisiyar Katolika ta raba zunubi gida biyu. Akwai mai kisa, wanda ke raba mutum da alherin Allah, kuma sai sharuɗɗa uku sun cika: laifin ya zama babba, mai yin sa ya san babba ne, ya kuma aikata shi da ganganci. Akwai ƙarami, wanda ke raunana zumunci da Allah ba tare da ya yanke shi ba. Yawancin Furotesta ba su karɓi wannan rabon ba. Suna cewa kowane zunubi ya isa ya raba mutum da Allah, ko da yake ɓarnar wani ta fi ta wani.

Jerin manyan zunubai bakwai da ya shahara ba ya cikin Littafi Mai Tsarki a jere haka. Wani mai zaman zuhudu a hamadar Masar a ƙarni na 4, Ibagiriyus, shi ya lissafa miyagun tunani takwas, daga baya Fafaroma Giregori, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ya sake tsara su. Jerin da aka sani yau shi ne girman kai, haɗama, muguwar sha'awa, hassada, zarin ci, fushi da kasala. Ana ɗaukar su a matsayin saiwoyin da sauran laifuffuka ke tsirowa daga gare su, girman kai kuma shi ne kan gaba.

Sakamakon zunubi

Sakamako na farko shi ne rabuwa da Allah, wadda korar Adamu daga gonar Aidan take misaltawa. Bulus ya kwatanta mutuwa da ladan da zunubi ke biyan mai yi masa aiki, malamai kuma suna fassara ta ta fuska uku: mutuwar ruhu, wato yankewar zumunci da Allah tun mutum na raye; mutuwar jiki; da mutuwa ta har abada bayan shari'ar ƙarshe. Na biyu shi ne bauta. Abin da mutum ya fara da zaɓinsa yakan zama jarabar da ta mallake shi, har Bulus a Romawa sura ta 7 ya kwatanta mutumin da ke son yin nagarta amma yana tsintar kansa cikin abin da yake ƙi. Na uku shi ne azabar lamiri, ko kuma abin da ya fi ta muni, wato lamirin ya dakushe har ya daina gargaɗi. Na huɗu shi ne ɓarnar da ke faɗa wa wasu.

Labarin Sarki Dawuda a littafin Sama'ila na biyu, sura ta 11 da ta 12, ya tattara waɗannan duka. Dawuda ya kwana da Bat-sheba, matar sojansa Uriya, alhali mijin yana fagen fama. Da ciki ya bayyana, ya kira Uriya gida don a rufe asiri, dabarar ta ƙi ci. Sai ya rubuta wa shugaban yaƙi Yowab wasiƙa cewa a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi, ya kuma danƙa wasiƙar a hannun Uriya da kansa. Bayan an kashe shi, annabi Natan ya zo da labarin wani attajiri mai garke da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya fusata ya yanke wa attajirin hukunci, kafin Natan ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Dawuda ya amsa laifinsa, aka sanar da shi an gafarta masa, kuma Zabura ta 51 da Kirista ke karantawa a lokacin tuba ana danganta ta da wannan lokaci. Duk da haka jaririn ya mutu, ɗansa Amnon ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar fyaɗe, wani ɗan nasa Absalom ya kashe Amnon, daga baya ya yi wa uban tawaye. Darasin da ake ɗauka shi ne gafara tana ɗauke hukuncin Allah, amma ba lallai ta share tabon da laifi ya bari a gida da gari ba. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Koyarwar ta kuma yi kashedi kada a ɗauki kowace masifa a matsayin sakayyar wani laifi. Abokan Ayuba sun yi masa wannan zato, Allah ya tsawata musu. Da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Haka ya faɗa game da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rushe a kansu, cewa ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba.

Kafara da gicciye

A Tsohon Alkawari hadaya ce hanyar kafara. Sura ta 16 ta Littafin Firistoci ta bayyana Ranar Kafara, sau ɗaya a shekara, inda ake kawo bunsuru biyu. Babban firist ya yanka ɗaya ya shiga da jininsa wuri mafi tsarki, ɗayan kuma ya ɗora hannuwansa a kansa ya furta zunuban jama'a, a kora shi jeji. Kirista suna ganin wannan a matsayin inuwar abin da ya cika a kan Yesu Almasihu. A bangaskiyarsu shi marar zunubi ne, mutuwarsa a kan gicciye hadaya ce sau ɗaya tak domin zunubin duniya, tashinsa daga matattu kuma shaida ce cewa an karya ikon zunubi da mutuwa. Saboda haka gafara kyauta ce, abin da suke kira alheri, ba lada ba ce da mutum ke samu da yawan ayyukansa. Tuba da bangaskiya su ne hannun da ake karɓar kyautar da shi.

Ma'anar tuba

Kalmar Ibrananci ta tuba, *shub*, juyowa take nufi, kamar matafiyin da ya gane ya ɓata hanya ya yi kwana. Ta Helenanci, *metanoya*, tana nufin sauyin tunani da zuciya. Da kiran tuba Yahaya Maibaftisma ya fara wa'azi a bakin Kogin Urdun, da shi Yesu ya fara, da shi kuma Bitrus ya rufe wa'azinsa ranar Fentikos, inda mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma. Malamai sukan lissafa matakanta: mutum ya gane laifinsa ba tare da neman uzuri ba, ya yi nadama, ya furta, ya rabu da laifin, ya gyara abin da ya ɓata gwargwadon iko.

Misalin ɗan da ya ɓata, a Luka sura ta 15, shi ne hoton da aka fi kawowa. Ƙaramin ɗa ya karɓi gadonsa tun uban na raye, ya je wata ƙasa ya ɓarnatar, yunwa ta sa shi kiwon aladu, aikin da ya fi kowane ƙasƙanci a wurin Bayahude. Ya dawo cikin hayyacinsa, ya shirya roƙon a ɗauke shi ɗan ƙodago. Uban ya hango shi daga nesa, ya sheƙa a guje ya rungume shi, ya sa aka kawo riga da zobe da takalmi, aka yanka kiwataccen maraƙi. Wan kuwa, wanda bai taɓa barin gida ba, ya ƙi shiga saboda fushi. Misalin yana koyar da cewa Allah ya fi ɗokin karɓar mai tuba fiye da yadda mai tuban ke ɗokin dawowa, yana kuma gargaɗin masu ganin kansu adalai.

Nadama kaɗai ba ta isa ba. Bitrus ya yi musun sanin Yesu sau uku, ya fita ya yi kuka mai zafi, daga baya aka maido da shi ya zama jigo a ikilisiya. Yahuza Iskariyoti shi ma ya yi nadama, har ya mayar da azurfa 30 da aka biya shi, amma ya yanke ƙauna ya rataye kansa. Bulus ya bambanta baƙin cikin da ke kai mutum ga Allah da wanda ke kai shi ga hallaka. Akwai kuma abin da Hausawa ke kira tuban muzuru, baki na neman gafara, hannu na riƙe da abin da aka sata. Yahaya Maibaftisma ya nemi a ga 'ya'yan tuba a aikace: masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da ƙa'ida, sojoji kada su yi ƙwace, su gamsu da albashinsu, mai riga biyu ya ba marar ko ɗaya. Shari'ar Musa ta ce wanda ya ci amana ya biya abin da ya ci ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya wuce haka, ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya yi alkawarin ninka wa duk wanda ya zalunta sau huɗu. A farkawar ruhaniya da ta taso a Gahini ta ƙasar Ruwanda a shekarun 1930 ta bazu zuwa Yuganda, Kenya da Tanzaniya, an san tubabbu da furta laifinsu a gaban jama'a da mayar da kayan da suka sata.

Yadda ikilisiyoyi ke gudanar da tuba

A ƙarnonin farko tuban manyan laifuffuka a bainar jama'a ake yin sa, ana hana mai laifi Jibin Ubangiji na tsawon lokaci. A 250 Sarkin Rum Desiyus ya tilasta wa kowa yin hadaya ga gumaka, Kirista da yawa suka bi don tsoro. Da tsanani ya lafa, wani malami a Rum mai suna Nobatiyan ya ce kada a sake karɓarsu, amma Bishop Sifiriyan na Kartej da mafi yawan shugabanni suka tsaya a kan a karɓe su bayan sun yi tuba. Horon bai bar masu mulki ba: a 390 Bishop Ambros na Milan ya hana Sarki Tiyodosiyus Jibin Ubangiji sai da ya tuba a fili saboda kisan gillar da sojojinsa suka yi a Tasalonika. Furta zunubi a asirce ga firist ya yaɗu daga masu zaman zuhudu na ƙasar Ayalan, kuma babban taron Lateran na 1215 ya wajabta wa kowane Katolika yin sa aƙalla sau ɗaya a shekara.

A 1517 Martin Luta ya fitar da batutuwa 95 a Witenbag ta Jamus, yana sukar sayar da takardun sassaucin horo. Batunsa na farko shi ne dukan rayuwar mai bi ya kamata ta zama tuba. Taron Tirent, wanda ya zauna daga 1545 zuwa 1563, ya tabbatar da matsayin Katolika cewa tuba sakramenti ne mai rukunai uku daga ɓangaren mai tuba: nadama, furtawa da aikin gyara. Har yau Katolika yakan je wurin fada, wato firist, ya furta zunubansa, a ba shi addu'a ko wani aikin da zai yi, a sanar da shi gafara da sunan Allah, kuma an haramta wa fada ya tona abin da ya ji ko da za a kashe shi. Otodoks ma suna furtawa a gaban firist. Furotesta kuwa suna furtawa kai tsaye ga Allah cikin addu'a, a ɗaki ko cikin sujada tare da jama'a, suna iya neman shawarar fasto ba tare da ɗaukarsa matsakanci ba. Katolika, Angilika, Lutaran da wasu suna kiyaye azumin kwana 40 kafin Ista a matsayin lokacin tuba. Yana farawa ranar Larabar Toka, inda ake shafa wa masu sujada toka a goshi don tuna musu cewa daga ƙasa suka fito, gare ta za su koma.

Bayan tuba

Wanda aka gafarta wa, ana bin sa bashin ya gafarta wa wasu. Matiyu sura ta 18 ta kawo misalin bawan da sarki ya yafe wa bashin talanti 10,000, ya fita ya shaƙe abokin aikinsa saboda dinari 100, sai aka janye yafewar. Surar ta kuma tsara yadda ake bi da ɗan'uwan da ya yi laifi: a same shi shi kaɗai, in ya ƙi a je da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya. Daga nan majami'u suka samo tsarin horo, inda ake dakatar da mutum daga Jibin Ubangiji ko daga muƙami har sai an ga alamar gyara, manufar kuma ita ce a maido da shi. Zunubi ɗaya ne aka ce ba a gafartawa, saɓon Ruhu Mai Tsarki, kuma yawancin masu tafsiri suna fassara shi da taurin kan da ke ƙin tuba har mutuwa. Ƙofar a buɗe take muddin akwai numfashi, kamar yadda aka karɓi ɗaya daga cikin 'yan fashin da aka gicciye tare da Yesu a sa'arsa ta ƙarshe, sai dai ana gargaɗi a kan jinkiri tunda ba wanda ya san ranarsa. Tuban farko yana shigar da mutum cikin bangaskiya, kuma baftisma ce alamarsa. Abin da ke biyo baya, wato yaƙi da tsohon hali da neman gafara kullum, shi ake kira tsarkakewa, kuma yawancin ikilisiyoyi suna koyar da cewa ba ya kammaluwa sai bayan wannan rayuwa.